Ƙyalli da Tsatsa: Nazari kan Farfaɗo da Ƙafafu da Fok na Tsofaffin Baburan Ingila

A watan Janairun 2018 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da wani babur ƙirar Vincent Black Lightning na 1951 a birnin Las Vegas na Amurka, a kan dala 929,000. Wanda bai san dawan garin ba, in ya ga hotonsa, zai ɗauka daga wani kango aka jawo shi: fenti ya koɗe, ƙarfe ya dusashe, ga tabon shekaru ta ko'ina. Shi ne babur ɗin da Jack Ehret ya hau a 1953 ya kafa tarihin gudu a Ostireliya, mil 141.5 a awa guda, kuma da an yi gangancin sake masa fenti, da wuya kuɗinsa ya kai haka. Sai dai akwai abin da hoto ba ya nunawa. Kafin a kai shi gwanjo sai da ya biya ta hannun Patrick Godet, gwanin baburan Vincent a Faransa, wanda ya duba cikinsa ya mayar da shi yana tashi, ya bar bayansa yadda ya same shi.

Wannan ciniki ya faɗo ne a tsakiyar wata tsohuwar gardama tsakanin masu sha'awar tsofaffin babura. Ɓangare ɗaya na ganin girmama babur shi ne a warware shi har noti na ƙarshe, a goge, a fente, a mayar da shi kamar ranar da ya bar masana'anta. Ɗaya ɓangaren na cewa kowace gogewa share tarihi ce, a shafa masa mai da tsumma a ƙyale shi. A kan tanki da madigadi da fitila ana iya kwana ana wannan musu ba wanda zai ji ciwo. A kan ƙafafu biyu da fok, wato ƙarafan da suka riƙe ƙafar gaba, waɗanda makanikanmu suka fi kira shokazobar gaba, musun yana da ƙashi da jini a ciki. Abin da nake gani shi ne, duka ɓangarorin da ido suke hukunci, kuma a babur babu inda ido ya fi yaudaruwa kamar nan.

Al'adar ta girmi yadda mutane ke zato. Tun 1930 ake yin tafiyar Pioneer Run a Ingila don baburan da aka ƙera kafin 1915, kuma a 1946 Titch Allen da abokansa suka kafa Vintage Motor Cycle Club. Amma mutanen farko mahaya ne, burinsu tsohon inji ya tashi ya kai su inda za su. Farfaɗowa ta zama sana'a mai kasuwa ne bayan masana'antar babura ta Ingila ta durƙushe. Vincent ta daina ƙera babur tun 1955. BSA ta Birmingham, wadda ta taɓa zama mafi girma a duniya, ta ruguje a farkon shekarun 1970 bayan Honda ta fito da CB750 a 1969, mai silinda huɗu da birkin faifai a gaba. Masana'antar Triumph ta Meriden ta yi ta jan numfashi a hannun ƙungiyar ma'aikatanta har ta rufe a 1983. Da abin ya ƙare sai ya yi daraja. Baburan da ake jefarwa a bola suka koma kayan baje koli a Stafford, aka samu alƙalai masu zagayawa da takarda suna ba da maki, aka samu dillalan kayan gyara na kwaikwayo, aka kuma samu mazan da suka girma suka yi kuɗi suna neman babur ɗin da ya gagare su saye suna samari.

Daga nan cutar wuce gona da iri ta shigo. Babur ɗin da ya fito daga Meriden ko masana'antar BSA kayan aiki ne da aka haɗa cikin gaggawa don a sayar. Fentinsa ba madubi ba ne, kuma notocinsa ba sa ɗaukar ido. Misali mafi kyau shi ne na farkon shekarun 1950. Yaƙin Koriya ya sa nikel ya yi ƙaranci, gwamnatin Birtaniya ta taƙaita amfani da shi, kuma da yake a kan nikel ake ɗora kurom, baburan waɗannan shekaru da yawa da rim mai fenti suka fito. Yau in ka zagaya wajen baje koli za ka tarar da irinsu suna walƙiya da kurom ɗin da ba su taɓa sawa ba. Mai shi ya kashe kuɗi ya share alamar da ke nuna shekarar da aka haifi babur ɗinsa da halin da duniya ke ciki a lokacin.

Masu adana gine-gine sun riga su shan wannan gardama da fiye da ƙarni guda. A Faransa Viollet-le-Duc, wanda ya gyara cocin Notre-Dame da ganuwar Carcassonne, yana ganin halal ne a kai gini ga cikar da wataƙila bai taɓa samu ba. A Ingila John Ruskin, a littafinsa na 1849, ya ɗauki irin wannan gyara a matsayin rushewa da ƙarya, kuma a kan ra'ayinsa William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta aro wannan tunani a Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013: a taɓa kaɗan gwargwadon iko, a rubuta abin da aka yi, a fifita gyaran da za a iya warwarewa. Shawara ce mai kyau, kuma ta rage ɓarna. Amma coci ba ya shan kwana da mutum a bayansa. Ko mota ma, in ƙafa ɗaya ta ba da kai, uku na nan. Babur ba shi da wannan rangwame, shi ya sa ra'ayin Ruskin, in aka bi shi ido rufe, yake iya kai mahayi asibiti.

A fara da ƙafa, don a nan ne aikin hannu ya fi yawa. Ƙafar waya dabara ce da aka gada daga keke. Eugène Meyer ya yi rajistar irinta a Paris a 1869, sannan James Starley na Coventry ya zo da sifok masu fita a karkace daga cibiya suna gicciye juna a 1874, wanda shi ya ba ƙafar damar ɗaukar ƙarfin tuƙi da na birki ba tare da ta murɗe ba. Sifok guda ɗaya ba komai ba ne. Yaro ma zai lanƙwasa shi da hannu. Ƙarfin yana cikin ɗaurin. Kowanne ana jan sa ne ya ɗame tun kafin a ɗora kaya, kowanne yana jan rim zuwa cibiya, 'yan uwansa na ja ta nasu ɓangaren. In mahayi ya hau, sifok ɗin da suke ƙasa a wannan lokacin sukan ɗan saki, su sake ɗamewa in ƙafar ta juya. Muddin ba su saki gaba ɗaya ba, ƙafar za ta yi shekaru. In ɗauri ya yi sako-sako, ko wani ya ɗame wani ya saki, to noti zai fara kwancewa da kansa, sifok ya riƙa motsi a gwiwarsa inda ya lanƙwasa ya shiga cibiya, har ƙarfen ya gaji ya karye. Galibin baburan Ingila sifok 40 ne a ƙafa, na Japan kuma 36 suka fi yawa.

Kuskuren farko na sabon shiga shi ne gaggawar kama almakashin ƙarfe. Ya ga sifok sun yi tsatsa, notoci sun ƙi juyawa, sai ya datse su duka cikin minti biyar, cibiya ta faɗo a hannunsa. Da wannan ya zubar da bayanin da ba lallai ya same shi a littafi ba. Rim ba dole ne ya zauna daidai tsakiyar cibiya ba. A babura da yawa an matsar da shi gefe guda da 'yan milimita, don ƙafar baya ta bi sawun ta gaba duk da sarƙa da birki sun ci wuri. Ƙwararre kafin ya taɓa komai sai ya shimfiɗa miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar durom ɗin birki ya auna tazararsa da bakin rim, ya rubuta. Ya ɗauki hoto ta kowane gefe, ya ƙirga sau nawa sifok ke gicciye ɗan uwansa, ya ware wanda kansa ke ciki da wanda ke waje, ya ajiye samfuri ɗaya na kowane iri, don a ƙafa guda ana iya samun tsawo da lanƙwasa iri huɗu. Wanda ya tsallake wannan zai iya haɗa ƙafa mai kyan gani, mai juyawa sumul, wadda kuma za ta sa babur ya riƙa tafiya a karkace, mai shi ya yi ta zargin firam.

Rim ɗin kansa yana da nasa sirrin. A ma'aunin Ingila ana cewa WM2 ko WM3, faɗin inci 1.85 da 2.15, sai kuma girman da'ira, inci 18 ko 19. Mutum zai ɗauka duk rim mai WM2, inci 19 da huda 40 ɗaya ne. Ba haka ba ne. Kowace huda an yi ta ne a karkace, tana kallon inda sifok zai fito daga cibiya, kuma cibiya mai faɗin durom inci 8 ba kusurwa ɗaya take nema da ƙaramar cibiya ba. In aka tilasta rim ɗin da ba na wurin ba, sifok zai lanƙwashe a bakin noti, ya fara karyewa daga nan. Duban ƙafar daga nesa ba zai nuna maka wannan ba.

A nan ne masu son asali suke da hujja mafi ƙarfi, a nan kuma suka fi shiga haɗari. Rim na asali yana ɗauke da tambarin Dunlop ko Jones da lambarsa a buge a jikin ƙarfe, kuma alƙalan baje koli sukan durƙusa su nema. Saboda haka mai babur yakan so a sake wa tsohon rim kurom maimakon ya sayi sabo. Amma rim daga ciki yake ruɓewa. Ruwa yana bin ramin noti ya shiga ya kwanta ƙarƙashin robar da ke kare tif, ya shekara goma ko ashirin yana cin ƙarfe a inda ba mai gani sai an cire taya. Sannan kurom ba ya rufe rami. Abin da ke ƙasa shi yake nunawa, har ya ƙara fito da shi. Don haka mai kurom dole ya goge ƙarfen sai ya kai ƙasan rami mafi zurfi, kafin ya ɗora jan ƙarfe, ya ɗora nikel, ya ɗora kurom. Kowace guga tana rage kauri. Sau da yawa tambarin da aka yi wahalar dominsa shi ne farkon abin da ke shafewa, garin neman gira a rasa ido. Ga kuma ruwan asid da kan maƙale a naɗin bakin rim, ya dawo da tsatsa bayan shekara ɗaya ko biyu. Aikin ma ya ƙara tsada, domin tun Satumbar 2017 sai da izini na musamman ake amfani da sinadarin kurom mai guba a Tarayyar Turai, kuma ƙananan masu sana'ar suna ta raguwa. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana. Rim ɗin da cikinsa ke da lafiya, a wanke shi a bar masa tabonsa. Wanda tsatsa ta ci cikinsa, a rataye shi a bango ko a ajiye shi a kwali ya bi babur duk inda aka sayar da shi, a ɗaura sabo a hau.

Sifok kuwa ba abin a yi dogon tunani ba ne, duk da yawan surutun da ake yi a kansu. Na asali ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya ko kadmiyam, mai launin toka-toka. Kadmiyam guba ne, an takura amfani da shi. Yau galibi ana sa na ƙarfen da ba ya tsatsa, masu tsattsauran ra'ayi kuma na ƙorafin cewa ƙyallinsa ya yi yawa. Gaskiya ne, amma ana iya dusashe shi da feshin yashi mai laushi ya yi kama da na da. Abin da ya fi launi muhimmanci shi ne kaurinsa ya dace, zarensa ya zama murzawa aka yi ba yankawa ba, a kuma shafa mai a zaren kafin ɗauri, don irin wannan ƙarfe yana da halin cije noti ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Ɗaurin kansa aikin haƙuri ne. Ana zura sifok duka a sako-sako, a bi notoci ɗaya bayan ɗaya ana juya kowanne daidai da ɗan uwansa, zagaye bayan zagaye. Ana fara gyara tsallen sama da ƙasa, sannan a koma kan rawar gefe da gefe, ana duba ma'aunin da aka rubuta tun farko. In rim ya karkata hagu a wani wuri, a sassauta na hagu rubu'in juyi, a ɗame na dama rubu'in juyi, ba a sifok ɗaya ba, a uku ko huɗu da ke kusa. Masu aikin suna neman kada rawar ta wuce milimita guda, kuma sun san a inda aka yi waldar rim akwai ɗan tsalle da ba ya fita, ba sa bin sa. A ƙarshe mai ɗauri yakan bi sifok da sifana yana ƙwanƙwasawa yana saurare, yadda mai gurmi ke gwada tsarkiya: wanda ya ɗame yana amsawa da ƙara mai zaƙi, wanda ya saki sai ya yi dum. Ƙafa tana iya miƙewa sarai alhali rabin sifok ɗinta ne ke ɗauke da kayan, kuma kunne ne ke tona wannan.

Mai karatu a Kano ko Zinder ba baƙo ba ne ga wannan hoto. Abin da a Ingila ya zama sana'ar tsirarun dattawa da ake bin layi wata da watanni, a wurinmu yana bakin kowace kasuwa. Mai gyaran keke yana kifa keke, ya kafa babban yatsa kusa da rim, ya juya ƙafa yana jin inda take taɓa shi. Honda CG125 da aka fara ƙerawa a 1975 don ƙasashe irin namu, da Roadmaster ɗin da iyayenmu suka yi alfahari da ita, da baburan haya na yau masu ƙafar waya, duk fasaharsu ta shekarun 1960 ce: sifok, birkin durom, fok mai sifirin da mai. Bambancin a manufa yake. Namu yana gyara ne don babur ya fita aiki gobe da safe, shi ya sa yake canza sifok ɗaya ya bar sauran. Hannun dai iri ɗaya ne.

Akwai wani abu da ko a cikin masu farfaɗowa ba kowa ya sani ba. A baburan da durom ɗin birki yake haɗe da cibiya, jan sifok yana iya ɗan murɗe durom ɗin ya fita daga cikakkiyar da'ira. Wanda ya kai cibiya aka feƙe masa durom tun kafin ɗauri, sai ya tarar birki na kamawa yana saki bayan an gama. Daidai shi ne a ɗaure ƙafa tukuna, sannan a ɗora ta dungurungum a injin feƙe ƙarfe, a kuma daidaita takalman birki da sabon faɗin. Rabin mugun sunan da birkin tsofaffin babura ya yi, daga irin wannan sakaci ne. Birkin gaba mai inci 8 da Triumph ta sa wa Bonneville a 1968, in an saita shi da kyau, yana tsayar da babur fiye da yadda ake ba da labari. Takalman birki na da kuma akwai asbesto a jikinsu, wanda Birtaniya ba ta gama haramtawa ba sai 1999, don haka ƙurar cikin durom ba ta hurawa da baki ba ce. Boris ɗin ƙafa ba ya buƙatar muhawara: a cire tsohon a sa sabo.

Fok ya fi ƙafa ɓoye laifinsa. Kafin yaƙin duniya na biyu galibin baburan Ingila suna da fok na sanduna da aka haɗa, yana hawa da sauka a kan wasu gajerun hannuwa da sifirin guda a tsakiya, irin na Webb da Brampton. BMW ta Jamus ce ta fito da fok mai shiga cikin juna da mai a ciki a R12 ta 1935, Matchless ta bi da nata a babur ɗin soja na 1941, bayan yaƙi kuma Norton ta zo da Roadholder, wanda ya zama abin auna sauran. Tsohon fok na sanduna bututu ne, kuma yana tsatsa daga ciki. Fenti sabo a kansa kyan ɗan maciji ne. Irinsa sai gwani ya duba, in ta kama a zare bututun a sa sabo.

A fok mai shiga juna, zuciyar aikin ita ce sandar sama, wadda kwanson ƙasa ke zamewa a kanta. A baburan Ingila da yawa tana ɓoye cikin robar kare ƙura ko murfin ƙarfe mai riƙe fitila, inda ruwa ke taruwa. Ana cire murfi sai a tarar da ramukan tsatsa. In ramin yana inda sil ke bi, zai yaga sabon sil cikin 'yan kwanaki, mai ya zubo, wani lokaci har kan birki. In yana daf da maƙalin ƙasa na wuya, ya fi muni, don nan ne duk ƙarfin birki ke taruwa, nan ne kuma sanda ke lanƙwashewa in babur ya taɓa karo. Ana gane lanƙwasa ta hanyar mirgina sandar a kan gilashi, ko a ɗora ta a mazauni a juya da agogon awo. 'Yar karkata kaɗan ana miƙar da ita a injin matsi. Wadda ta yi ƙunci ko alamar naɗewa ta gama aiki, kome asalinta.

Ga mai son ya riƙe sandarsa ta asali akwai hanya, amma ba kurom ɗin ado ba ne. Wani kurom ne mai tauri na masana'antu: a wasa sandar a rage ta, a ɗora kurom mai kauri, a sake wasawa har ta dawo daidai ma'auninta. Wanda ya kai sandar fok wurin mai kurom ɗin madigadi zai karɓo abu mai sheƙi wanda ba ya shiga bush yadda ya kamata. Sabuwar sanda ta kwaikwayo ma ba a amince mata sai an auna, domin a kasuwar akwai nagari akwai na banza, kuma kwalinsu iri ɗaya ne. Haka zaren notoci. Masana'antun Ingila sun yi amfani da ma'aunin Whitworth da danginsa, har da na kekuna mai zare 26 a inci, sannan Triumph ta fara komawa ma'aunin Amurka a ƙarshen shekarun 1960, har ana samun babur guda da iri biyu a jikinsa. Notin da ya shiga juyi biyu ya tsaya ba ƙarfi yake nema ba.

Boris ɗin wuya shi ma ana mantawa da shi don ba a ganinsa. Ƙwallaye ne sake, waɗanda ke watsewa ƙasa da zarar an sassauta maƙali, kuma da shekaru sukan haƙa wa kansu gurbi a mazauninsu, kan babur ya riƙa maƙalewa a tsakiya. Da yawa suna musanya su da boris mai gangara na zamani, kuma ban ga wanda ya yi asara a wannan ba.

Tambayar da ta fi wuya tana cikin man fok. Tsohon fok yana rage tsalle ne ta hanyar tura mai ta wasu ƙananan huji. Littattafan wancan zamani da yawa ma man inji suka ce a zuba. Halin mai a huji shi ne, in saurin motsi ya ninka biyu, turjiya takan ninka kusan huɗu. Shi ya sa irin wannan fok yake nutsewa da laushi in an taka birki, ya kuma ƙage kamar itace in ya daki bakin rami. Kamfanin Race Tech na Amurka ya yi suna da wani ƙaramin bawul da ake sakawa a ciki ya gyara wannan hali, ba a ganinsa daga waje. Alƙalin baje koli ba zai rage maki ko ɗaya ba. Amma sai an faɗaɗa hujin asali da injin huda, kuma babur ɗin da ya fito ba ya tafiya kamar na 1965.

A nan nake rabuwa da masu cewa duk abin da ba a gani halal ne. Abin da babur ya adana ba siffa kaɗai ba ce. Yadda yake kwanciya a kwana, yadda kansa ke nauyi ko sauƙi, yadda yake gaya wa hannu abin da ƙasa ke ciki, shi ma gado ne, kuma daga ƙafa da fok yake fitowa. Wanda ya sauya rim na inci 19 da na 18, ya faɗaɗa taya, ya sa bawul na zamani, ya samu babur mai daɗin hawa, kuma haƙƙinsa ne. 'Yan tseren gidajen shayi na London a shekarun 1960 ma haka suka yi, suna cire rim na ƙarfe suna ɗaura na alminiyam ƙirar Borrani ta Italiya. Sai dai ya faɗi gaskiya in ya tashi sayarwa, ya kuma ajiye kayan da ya cire. Canza sil da bush da boris da sandar da ta ruɓe mayar da babur ne ga halinsa na asali. Canza yadda mai ke gudana ba shi wani hali ne daban. Al'adar baje koli ba ta bambanta waɗannan biyun, saboda makinta a tsaye ake bayarwa, inji a kashe.

Gidan tarihin babura na ƙasa da ke kusa da Birmingham ya nuna iyakar abin da hannu zai iya. Gobara ta cinye shi a Satumbar 2003, ta lalata ɗaruruwan babura, amma a Disambar 2004 aka sake buɗewa, da yawa daga waɗanda suka ƙone sun dawo suna sheƙi. Aiki ne na ban mamaki, kuma ga gidan tarihi ya wadatar, tunda yawancinsu a dandamali za su zauna. Matsalar ita ce mai gareji a gida ya ɗauki ma'aunin gidan tarihi ya hau titi da shi. Tun watan Mayun 2018 abin hawan da ya haura shekara 40 a Birtaniya ba dole ne a kai shi gwajin lafiya na shekara-shekara ba, muddin ba a yi masa babban sauyi ba. Ke nan ba wani jami'i da zai girgiza ƙafar gaba ya ji ko boris na wasa. Daga mai babur sai wanda ya ɗaura masa ƙafa.

Taya ce ta fi nuna yadda son asali ke iya rufe ido. Akwai masu alfahari da cewa babur ɗinsu har yanzu yana kan tayar da ya fito da ita. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba. Zanenta na nan cif, amma ta yi tauri, kuma a jiƙaƙƙen titi ba ta riƙe komai. Tun shekarar 2000 ana buga lamba huɗu a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda lambarta uku ce, ta ƙarnin da ya wuce ce. Kuma babu uzuri, don ana ci gaba da yin tsofaffin zane da sabuwar roba. Dunlop TT100, wadda ta samo sunanta daga zagayen da Malcolm Uphill ya yi a tseren tsibirin Man a 1969 a kan Bonneville da gudun da ya haura mil 100 a awa, har yau ana samunta sabuwa, haka Speedmaster ta Avon mai layi-layi da aka saba gani a ƙafar gaba.

Saura haɗawa, inda aikin wata shida kan lalace cikin minti goma. In an mayar da fok da ƙafa, ba a ɗaure komai tamau nan take. Ana ɗaure notin sandar ƙafa, a bar maƙalin ɗaya gefen a sake, a sauke babur ƙasa, a danna kansa ya yi sama da ƙasa sau da yawa har sandunan biyu su nemi mazauninsu da kansu, sannan a bi sauran notocin a ɗaure. Wanda ya ɗaure tun babur na rataye zai matse ƙafafun fok zuwa ciki ko waje, fok ya riƙa cijewa, sabon bush ya cinye gefe guda. Bayan 'yan ɗaruruwan mil na farko kuma ana komawa kan sifok da sifana, don sababbin kawuna sukan zauna a gurbinsu ɗauri ya ɗan saki, kuma a wannan karon sai an cire taya an duba ko wani tsinin sifok ya leƙo ta saman noti yana neman tif.